YININ DA NA TAKA BIRNIN LANDAN DA ƘAFATA

 

Babu wata mai karanta littattafan soyayya da za ta ce ba ta san Landan ba. Da zarar an ɗaura aure a littafi, shafi biyu ne sai ki ji ango ya ce wa amarya ta shirya za su Landan. Daga jirgi sai doguwar mota, daga mota sai otal, daga otal sai kanti a jido leshi da turare da zinare, su dawo da akwati goma sha biyu. Shi ke nan Landan ta ƙare. Abin har ya kai wasu ƙannenmu sun ɗauka garin ba shi da wata ƙofa sai ta hannun miji mai kuɗi, kuma babu abin da ke cikinsa sai sayayya. To ni dai Allah Ya nufe ni da zuwa a watan Yuni na 2024, wajen yayata da take aikin jinya a can. Ranar da ta samu hutu ta ce min, "Ƙanwata, yau ba tasi ba bas. In dai garin nan kike son gani, ɗaura takalminki." Mun yi tafiyar kusan kilomita 10 tun daga hantsi har magariba, kuma yawancin abin da ya tsaya min a rai ban biya ko sisin kwabo ba na gan shi.

Bari in fara da shiri, don wata rana ke ma Allah zai iya kai ki, ko ta hanyar karatu ko aiki. Takalmi mai tsini ki bar shi a gida, kambas za ki sa. Ki riƙe lema ko da kin ga rana ta fito tar, domin garin ba shi da alƙawari, yanzu rana, anjima yayyafi. Sai gorar ruwa, wadda za ta yi miki aiki biyu, sha da kuma tsarki, tunda bayan gidansu babu buta. Kuɗin hannu ba ya aiki a bas ɗinsu tun 2014, sai kati. Sannan babban abin da Yaya ta yi ta nanata min shi ne tsallaka titi. Su ta hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama, don haka idonki zai riƙa duba inda mota ba ta nan. Sun san da haka, shi ya sa a bakin titi za ki ga an rubuta a ƙasa da farin fenti ɓangaren da za ki duba.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ya kawo mu tashar Westminster, kuma shi ne abin hawanmu na ƙarshe sai dare. Muna hawowa daga matakala na ɗaga kai, sai ga hasumiyar agogon nan da muke gani a jikin kwalin shayi da kalanda, tsaye a kaina, tsawonta mita 96. Kowa Big Ben yake ce mata, amma Yaya ta gyara min: Big Ben sunan ƙatuwar ƙararrawar da ke ciki ne, wadda nauyinta ya haura tan 13, ita kuwa hasumiyar an sa mata sunan Sarauniya Elizabeth a 2012. Tun 1859 agogon yake aiki. Muna tsaye ƙarfe tara ta cika ya buga. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don wannan ƙarar na santa tun ina yarinya, a rediyon Babanmu. Ashe nan ne gidanta.

Jikin hasumiyar shi ne ginin majalisar dokokinsu, ga kogin Thames yana wucewa ta gefe, ruwansa ja-ja kamar na gulbi da damina, ba irin shuɗin nan na hoto ba. A tsallake ga ƙaton lilon nan mai kama da tayar keke, London Eye, mai tsawon mita 135, wanda aka buɗe a 2000. Hawansa da tsada, muka kalle shi daga kan gada muka juyo.

Inda na daɗe shi ne dandalin da ke gaban majalisa. Fili ne mai ciyawa, an kewaye shi da mutum-mutumin manyan mutane guda 12. Akwai Churchill, akwai Gandhi na Indiya, akwai Nelson Mandela da aka kafa a 2007, ya miƙa hannuwa kamar yana jawabi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa, sha ɗaya duk maza, mace ɗaya tak. Sunanta Millicent Fawcett, ta ƙare rayuwarta wajen neman a ba wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, kuma sai a 2018 aka ga dama aka kafa nata. Kun ji fa, a ƙasar da ake ta ba mu labarin ci gabanta. Sai a 1918 aka bar wasu matansu suka yi zaɓe, su ma sai waɗanda suka haura shekara 30, ba a daidaita su da maza ba sai 1928. Ina tsaye a gabanta babu wadda ta faɗo min a rai sai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri da duka a kan irin wannan magana. Mu matan Arewa zaɓen 1979 ne na farko na ƙasa baki ɗaya da muka jefa ƙuri'a a cikinsa. Na ce, "Yaya, ashe dai ko'ina sai an sha wuya." Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Mu tafi, rana na yi."

A gefen dandalin ne majami'ar Westminster take, inda suke naɗa sarakunansu tun 1066. Nan aka naɗa Sarki Charles a watan Mayu na 2023, nan kuma aka yi jana'izar Gimbiya Diana a 1997. Na san da yawanku kun san labarinta: an yi bikin da duniya ta tsaya kallo a 1981 tana da shekara 20, auren ya mutu a 1996, shekara guda bayan nan ta rasu a haɗarin mota a Faris. Da a littafi ne da a ranar bikin marubuciya za ta ajiye biro. Shiga majami'ar sai an biya, muka wuce.

Daga nan muka miƙe titin Whitehall, wato unguwar ma'aikatun gwamnati. Gidan Firayim Minista mai lamba 10 yana wani ɗan lungu da ake kira Downing, an datse bakinsa da ƙofar ƙarfe, 'yan sanda na tsaye, sai leƙe daga nesa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana tsakiyar titi: wani baƙin gini mai kama da katanga, an sassaƙa tufafi 17 a jikinsa kamar an rataye su a ƙusa, da rigar ma'aikaciyar jinya, da ta 'yar sanda, da ta mai walda, da ta mai aikin gona. Babu fuska ko ɗaya. An kafa shi a 2005 don tunawa da matan da suka riƙe ƙasar lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda mu muke kira yaƙin Hitila. Da maza suka dawo sai matan suka rataye kayan aikin suka koma gida. Yaya ta daɗe tana kallon rigar jinyar nan ba ta ce komai ba.

Muka kutsa ta tsakanin sojojin doki muka faɗa lambun St James. Ku zo ku ga kurege yana zuwa har gaban mutum yana roƙon gyaɗa, babu tsoro ko kaɗan. A Kano da tuni yara sun bi shi da gwafa. Akwai kuma kwasakwasa a bakin tafkin, wai tun 1664 ake kiwonsu a nan, asalinsu kyauta ce daga jakadan Rasha. A ƙarshen lambun fadar Buckingham take, mai ɗaki 775. Gaskiya ta fi kyau a hoto. Gini ne faffaɗa mai launin toka, sai dubban baƙi sun manne a jikin shinge suna ɗaukar hoton masu gadi, da jajayen riguna kamar dogaran sarki, da doguwar baƙar hula mai gashi. Ni dai a ganina ƙofar gidan Sarkin Kano ranar hawan sallah ta fi ta kwarjini nesa ba kusa ba. Ita kanta Sarauniya Elizabeth, wadda ta rasu a watan Satumba na 2022, ai ta ga namu hawan da idonta a Kaduna a 1956.

Tafiyar minti biyar daga fadar akwai wani gida mai ruwan ƙasa-ƙasa da babu mai ɗaukar hotonsa. Jama'a na ta wuce shi. Yaya ta riƙo mayafina ta ce, "Tsaya. Kin san nan?" Na ce a'a. Ta ce Lancaster House ke nan. 'Yan makaranta, ku buɗe littafinku na tarihi. A cikin gidan nan aka zauna a 1957 da 1958, da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Azikiwe, da Awolowo, da Turawan mulkin mallaka, ana ja-in-ja a kan yadda Nijeriya za ta kasance. Bayan zaman farko ne Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, a zama na biyu kuma aka tsayar da ranar 1 ga Oktoba 1960. Wato hutun da ake ba ku duk shekara, har ku yi fareti da fararen safa, a bayan waɗannan tagogin aka yanke shi. Ba a barin mutane su shiga haka kawai, gidan taron gwamnati ne har yanzu. Na tsaya a bakin shinge ina ƙoƙarin hango su a raina, manyan riguna da rawuna a cikin sanyin nan, sun baro gida sun zo karɓar ƙasarsu a hannun masu ita na aro. Sau nawa aka kai amarya Landan a littafi, an taɓa biyo da ita ta nan?

Jan titin da ake kira Mall shi ya kai mu dandalin Trafalgar, cibiyar gari. Daga kusa da nan ake auna nisan kowane gari zuwa Landan. Akwai dogon ginshiƙi mai fiye da mita 50 da wani jarumin yaƙin ruwa, Nelson, a samansa, da zakuna huɗu na tagulla waɗanda yara ke ta hawa. Masu zuwa a da suna ba da labarin tattabarun wurin, amma an hana ciyar da su tun 2003, saura 'yan tsiraru. Muna gangarawa titin Northumberland sai na hango kore-fari-kore tana kaɗawa. Ofishin jakadancinmu ne. Ban san ina son tutar nan haka ba sai ranar. A bakin ƙofa ga mutanenmu da takardu a hannu, ana ta Yarabanci da Turancin buroka, har na tsinci Hausa a bakin wani dattijo mai hula zanna. Na durƙusa na gaishe shi, "Baba, ina wuni?" Ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau 'yata, mutanen ina ne?" Sai ka ce a Kantin Kwari muka haɗu.

Yanzu ga abin da ba a rubutawa. A titin Strand, tsakanin manyan otal da gidajen wasan kwaikwayo, mutane ne kwance a bakin shaguna cikin bargo, wasu a kan kwali, da kofin takarda a gabansu. Turawa ne fa jajur, har da mata, wata ba za ta girme ni ba. Na ce, "Yaya, su waɗannan ba su da dangi ne?" Ta ce kuɗin haya a garin nan ba ya jin kunyar kowa, in aiki ya ƙwace maka wata biyu sai ka tsinci kanka a waje. Ita kanta da take da aikinta, awa goma sha biyu take yi a tsaye, sau da yawa da dare, kuma kaso mai tsoka na albashin a haya yake tafiya. Duk wanda ya zo miki da zancen zai kai ki Landan ki huta, ki tambaye shi aikin me yake yi, a wace unguwa yake, su nawa ne a gidan.

A ƙarshen Strand aka nuna min wani gini mai manyan ginshiƙai. Bush House. Iyayenmu sun san sunan nan kamar sunan unguwarsu, domin nan suke aika wasiƙun gaishe-gaishe da tambayoyi zuwa Sashen Hausa na BBC. An buɗe sashen ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya fara magana. Shekaru aru-aru muryoyin da ke shiga zaurukanmu da asuba daga cikin ginin nan suke fitowa. BBC ta tashi daga nan a 2012, yanzu ɗaliban jami'ar King's College ne ke shige da fice da jakunkuna a baya, cikinsu har da 'yan mata masu hijabi. Na bi su da kallo. Su ba wanda ya kawo su sai takardar jarrabawa.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka isa lambun Russell, muka yi alwala da ruwan gorarmu, muka shimfiɗa ɗankwali a kan ciyawa muka yi azahar. Ko kallo ba mu ishi kowa ba. Muka ci burodi da soyayyen ƙwai da muka ƙunso daga gida, don abincin tsakiyar gari in kika lissafa shi da naira sai ya tsaya miki a wuya.

Daga nan sai gidan tarihi na British Museum, wanda aka kafa a 1753. Shiga kyauta ne, sai dai a duba jaka. Wurin nan ko sati za ki yi ba za ki gama shi ba, don haka Yaya ta ce in zaɓi uku. Na zaɓi gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, waɗanda aka naɗe da ƙyalle shekaru dubbai, abin dai sai wa'azi. Na zaɓi ɗakin kayan ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2018, mai fitilun masallatai da tangaran da rubutun Larabci irin wanda ido ba ya gajiya da shi. Na uku shi ne ɗakin Afirka, a can ƙasa.

A nan ne raina ya ɓaci. An jera faranta na tagulla daga Benin, ta jihar Edo a yau, kowanne da surar sarki da fadawa da mayaƙa, aikin hannu mai kyan da ba ya misaltuwa. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin da yaƙi, suka ƙona shi, suka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba, suka kwashe kayan fadarsa. Kusan guda 900 suna hannun wannan gida. Shekara shida kacal bayan haka, a 1903, su ne a ƙofar Kano da Sakkwato. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar nata kason a 2022, wani ƙaramin gidan tarihi a nan Landan mai suna Horniman shi ma ya yi haka da guda 72, amma wannan babban gida yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da kayan da ke hannunsa. Ga 'yan firamare Turawa zaune a ƙasa da fensir suna zana su, malamarsu na yi musu bayani. Yaran Benin kuwa sai sun nemi biza. An adana kayan da kyau, wannan ba a musu, amma wanda ya ɗauke maka akuya ba ya burge ka don ya yi mata kiwo mai kyau.

Sai ga mu a titin Oxford, Landan ɗin littafi. Tsawonsa bai kai kilomita 2 ba, da shaguna wajen 300, da cunkoso kamar Sabon Gari ana gobe sallah. Yaya ta ce in tura wayata cikin jaka, don akwai masu fizge a kan keke, da 'yan sane. Na shiga kanti biyu, na juya wata jaka na ga kuɗinta, na ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Leshin da ake ta zance ma ba nan hajiyoyinmu suke sayensa ba, sai can gabas wajen tashar Liverpool Street. Ba mu yi minti arba'in ba muka karkata arewa, muka wuce ta gaban Broadcasting House inda BBC ta koma. Masu sha'awar rubutu a cikinku, ku tuna Sashen Hausa ne ya fito da gasar Hikayata a 2016, ta gajerun labarai, kuma ta mata zalla.

Ƙafafuna sun fara yaji lokacin da muka shiga lambun Regent's. Amma da a ce an ɗauko ni a mota da ban ga lambun wardi na Sarauniya Mary ba, inda aka shuka wardi wajen 12,000, kuma watan Yuni ne lokacin fitowarsu. Ja, fari, rawaya, ruwan hoda, ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Ga tsofaffi mata da miji, kai ya yi fari fat, suna tafe a hankali riƙe da hannun juna. Wani tsoho na gani ya durƙusa da ƙyar yana ɗaure wa matarsa igiyar takalmi, ita kuma ta dafa kansa don kada ta faɗi. Na ciro ɗan littafina na rubuta, wannan kam sai ya shiga labari.

Ta cikin bishiyoyi muka hango ƙubba mai ruwan zinare da hasumiya. Babban masallacin Landan ke nan. Sarki George na shida ne ya buɗe cibiyar Musulunci a wurin a 1944, aka kammala ginin masallacin a 1977, yana ɗaukar mutum fiye da 5,000. Ƙidayar 2021 ta nuna cikin kowane mutum 100 na birnin 15 Musulmi ne, kuma a 2016 suka zaɓi Musulmi, Sadiq Khan, ɗan direban bas, ya zama magajin gari. Muka hau sama wajen mata. A sahunmu na la'asar akwai Balarabiya, da 'yar Somaliya, da 'yan Pakistan, da wata Baturiya mai shuɗin ido da ta matsa min wuri ta ce, "Bismillah."

Da yake bazararsu ce rana ba ta da niyyar faɗuwa. Muka zauna a harabar masallaci muka miƙe ƙafa, muka sayi shinkafa da kaza a ɗakin cin abincin da ke ƙasa, Yaya na ta yi min tsiya wai marubuciya ta gaji. Ba a kira magariba ba sai ƙarfe tara da kusan minti ashirin na dare, gari da sauran haske kamar shida da rabi a Kano. Bayan mun idar muka lallaɓa zuwa tashar Baker Street, ɗaya daga cikin tashoshin da aka fara buɗewa a 1863, lokacin da jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya ya fara aiki. Ko zama ban gama yi ba a cikin jirgin barci ya ɗauke ni a kafaɗar Yaya, sai da ta tashe ni a tasharmu.